Sai An Duba Ƙafa Kafin a Zana Lalle

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, labari na kawo miki, Yumma, kuma da kina raye sai kin yi dariya har da riƙe ciki.

Kin tuna baƙin tabon nan na tafin ƙafarki? Kika ce sukar ƙaya ce, kika yi ta rufe shi da lalle. Ranar da likita ya ce ciwon dajin fata ne, ya riga ya ci jiki. Abin bai taɓa fita daga raina ba.

Shi ya sa na tara masu lallen unguwarmu ta Dar Salam, waɗanda kike cewa sun fi rediyo labari. Wa ke kallon tafin ƙafar mace kamar su? Wata likitar fata ta tsallako daga Khartum ta nuna musu hotuna. Muka kafa doka: a wanke, a duba, sannan a zana. Wadda aka ga tabo a ƙafarta, ranar Talata ni da ita a raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, sai asibiti.

To wa kike tsammani ta fara faɗawa tarkon? Ƙanwarki, Inna Rakiya! Ana saura kwana uku bikin jikarta, mai lalle ta ga tabo a diddigenta, ta ƙi zanawa. Inna ta wanke ta tas, ta nufi wata. Ita ma ta ƙi. Har unguwar Alhilla Kuku ta tsallaka, ashe ta can ɗin ma tamu ce. Ta dawo tana huci, wai na haɗa ta da duk Sudan.

Na yi dariya a gabanta, Yumma, na shiga ɗaki na yi kuka. Tsoro nake ji kada in rasa ku biyu ta hanya ɗaya.

Haka ta ci biki da farar ƙafa, tana hararata. Talata na zuwa ta shiga raksha muka tafi asibiti. Ciwon ne kuwa, amma bai yi nisa ba, aka yanke shi.

Yanzu gida-gida take bi tana nuna ɗinkin, wai ita ta fara lura. Har yau ba ta gode mini ba, ni kuma ban nema ba. Tana raye tana yi mini faɗa da murya irin taki, ya ishe ni.

Allah ya haskaka kabarinki, ya gafarta miki, ya bar mana Inna da tsiwarta.

'Yarki mai kewarki,
Zainabu