Kilishina Ya Riga Ni Shiga Jirgi

Tamaske, daren Talata, ranin 1997

Yau ma kamyon, babbar motar 'yan cin rani, ya tashi ba ni ciki. Tun da 'yan lakwal, yaran makaranta, suka kwanta da zawo bayan sun ci kilishina, an hana ni saidawa, an hana ni barin gari sai sakamako ya zo.

Na koma asibiti wajen lokotoro. Ya ce ɗan yankin kilishin da suka ɗauka ya wuce Yamai, yana Faransa. Can za a karanta asalin ƙwayar cutar, a gane ko ta namana ce ko ta rijiyar lakwal. Na ce, "Lokotoro, ni ban san sunan kakan babana ba, ga ƙwaya ana bin danginta! Kilishina ma ya riga ni shiga jirgi." Ya yi dariya, na taya shi.

Da magariba ɗiyata Hadiza ta tashi zaune, karon farko tun da ta kwanta tare da sauran yaran. Ta ce, "Baba, ɗan ba ni kilishi."

Na ce, "Ya ƙare, ɗiyata."

Ta dubi buhun kilishin da ke rataye bisanmu, ta dube ni. Na nemi abin dariyar da zan faɗa, ban samu ba.