Buhunan da Anka Ƙone Igiyar Rijiya Ce

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tsabtar Kasuwa,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa, tare da jajen farin ga da Allah Ya jarrabe mu da shi.

Ni mai tubkar igiya ne daga Gangara. Da kaba na gaji sana'ar ga, amma bana kabar ta ƙone tun tana tsaye. Sai munka koma ga tsohon buhun taki da na shinkafa. Mu warware shi zare-zare, mu murza bisa cinya, mu tubke. Ikon Allah! Abin da anka yar a juji, shi ka jawo ruwa yanzu, ga shi ba ya ruɓa, gara ma ba ta cin shi. Har yau in na riƙa shi sai in yi ta mamaki.

Ga kukana. Ran kasuwar da ta wuce na tara buhuna gindin iccen bedi na tafi salla. Ina dawowa na iske yaranku sun cinna musu wuta, wai an hana tara shara. Wallahi raina ya ɓaci.

Na biyu, buhunan nan da mai su. Ardo Buba na wajen Burkusuma ya ce in ƙara wa igiyar rijiyarsu tsawo, don haka na tara su. Na je da kaina na leƙa rijiyar. Rijiyar da muna samari muke ɗiba da 'yar igiyar ɗaure jaki, yau ruwanta na can ƙasa yana ƙyalli kamar idon mage. Tsarki ya tabbata ga Wanda ke saukar da shi, Ya kuma janye shi in Ya so.

Ban ƙi doka ba. Na ga tumbin saniya cike da leda wurin mahauta, ba labari anka ba ni ba. Roƙona, ku ware mana rumfa inda 'yan tireda za su riƙa aje buhu mu kwasa. A ƙone abin da ba ya da sauran amfani, a bar mana wanda hannu ka iya rayawa.

Ku hanzarta, don Allah. Jiya Ardo ya aiko: guga na lilo bisa ruwa bai taɓa shi ba, shanu kuwa sun ji ƙamshinsa sun ƙi barin bakin rijiya.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Mamman mai igiya, Gangara