Wutsiyar Jirgin Yaya

Lahadi, 2 ga Maris

Na lalata jirgin Yaya. Ɗan jirgin samansa na wasa, jet mai rimot, wanda ya shekara uku yana haɗawa kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Ni na tashe shi a filin bayan tsohuwar masana'anta, shi yana kan keken guragunsa yana kallo. A zagaye na biyu na ba shi wuta sosai, wutsiyar ta hau karkarwa, sai ɓangare guda ya tsage. Da ƙyar na sauke shi cikin ciyawa.

Yaya bai ce uffan ba. Da ma kalmomin da suka rage masa ba su fi biyar ba. Gara ma ya zage ni.

Talata, 4 ga Maris

'Yarsa ta kira. Ranar 23 za ta zo ta tafi da shi gidanta, tafiyar yini biyu a mota. Wai "Baffa, kai ma ka gaji." Wa ya ce mata na gaji? To, na gaji ɗin. Amma ba zai bar garin nan ba sai ya ga jirginsa a sama.

Alhamis, 6 ga Maris

Shekara talatin ina walda, ƙofar da na haɗa ba ta taɓa faɗuwa ba. Wutsiyar katako ce za ta gagare ni? Na zura mata sandunan ƙarfe biyu, na ɗaure gindinta da falle na alminiyam, na zuba gam har ya yi tudu. Yanzu ko zama aka yi a kai ba za ta motsa ba.

Asabar, 8 ga Maris

Dogo, abokin Yaya na wajen tashin jirage, ya leƙo shago. Ya ɗaga jirgin, ya dube ni. "Maigida, ƙofar gareji ka haɗa?" Na ce ya ajiye mini kaya. Shegen baki gare shi.

Litinin, 10 ga Maris

Na kai wa Yaya ya gani. Ya miƙa yatsa ɗaya na hannunsa mai lafiya ƙarƙashin fiffike, ya yi mini alama in sa nawa a ɗaya gefen. Haka ake gane ko nauyi ya daidaita. Muna ɗagawa, hanci ya kalli rufi, wutsiya ta doki tebur.

Ya ce, "Cire."

Na ce Yaya, in na cire ai za ta sake tsagewa. Ya sake cewa cire, har miyau ya zubo masa. Na goge masa baki na fita. Raina ya ɓaci, kuma ba shi ya ɓata mini ba.

Laraba, 12 ga Maris

Ban cire ba. Dalma na narkar na cusa a hancin. Ya daidaita.

Juma'a, 14 ga Maris

Na ɗora shi a sikelin shago. Ya ƙara kusan rabin nauyinsa na da. Na sauke, na sake ɗorawa, ko sikelin ne ya haukace. Matata ta ce tun safe ban ce mata ko sannu ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Iska ta hana gwaji.

Asabar, 22 ga Maris

Ba na son rubuta wannan.

Na tura Yaya har bakin fili, na gyara masa hula. Injin ya tashi lafiya, ƙararsa har cikin haƙori. Na saki. Ya yi gudu, ya yi gudu, na ja hanci sama, ko gezau. Ya cinye filin kaf a ƙasa kamar baro, ya shige ciyawa. Sau uku. A na ukun ƙafar gaba ta karye.

Dogo ya je ya ɗauko shi, yau ko tsokana babu. Wutsiyar kuwa ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ita kaɗai.

Yaya ya daɗe yana kallon sama, inda babu komai. Sai ya ce, "Gida."

Tsoro ne. Tun ranar da ta tsage tsoro nake ji, shi na yi ta liƙawa a jikin jirgin nan. Ya faɗa mini da kalma ɗaya, na ƙi ji, don ni ne mai hannu biyu.

Lahadi, 23 ga Maris

Sun tafi da safe. Na ce zai tafi da jirgin? Ya girgiza kai. Ɗakinsa har yanzu warin man shafawarsa yake yi.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ba abin rubutawa. Na haɗa tagogi huɗu, ƙofa ɗaya.

Talata, 8 ga Afrilu

Kwana uku ina kankare gam da aska. Ba don komai ba, teburin nake so ya samu wuri. Na zare sandunan, na fitar da dalmar. Dogo ya kawo wasu 'yan sanduna sirara baƙaƙe guda biyu, kamar tsinken tsintsiya, wai su kaɗai sun isa. Ban yarda ba, amma na bar shi ya ajiye.

Na kira 'yar Yaya. Ta ce ba ya cin abinci sosai, kuma tun da suka isa bai yi magana ba. Sai na ce akwai fili kusa da gidanta? Mai tsawo, mara bishiyoyi.

"Filin me, Baffa?"

Na ce tambaya ce kawai.