Tsagar Inna da Na Goge

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya gida, ya maigidan da yara? Ya ƙafar taki, da sauƙi dai ko? Mu nan Wudil lafiya lau, sai kewarku.

Yaya, na yi ɓarna. Kin san hoton Inna guda ɗayan nan da ke wajena, Allah ya jiƙanta. Na sa shi a kwamfutar ofis don in haɗa mana shafin tunawa, ita a tsakiya, jikoki kewaye da ita. Ina cikin goge tabo da karce sai na zo kan tsagar kumatunta. Na ga fuskar za ta fi sumul, na goge har ita, na adana a kan na farkon.

Ranar Juma'a na buga shafin, na kai wa Baba can garin Lajawa ina ta murna. Ya daɗe yana kallo, ya shafa kumatun da ɗan yatsa, ya miƙo mini. Ya ce, "Kyakkyawa ce, Binta, amma ba ita na aura ba."

Na koma akwati neman na asalin, na tarar gara ta cinye fuskar.

Don Allah, in kina da wani a wajenki, ki aiko mini. Ki gaida kowa da kowa, ki sa ni a addu'a. In kuma babu hoton, ki faɗa mini ko da adadin tsagar ne. Na gwada zana tsagar da kaina, na kasa tuna ko uku ce ko huɗu.

Ƙanwarki,
Binta