Ruwa ya tafi da takalman Yaya

Asabar da dare, Yuli 2016

Yau aka yi tuƙin kwalekwale a kogin Bronx don tara kuɗin taimakon masallacinmu. Takalman aikin Yaya Rabi na saka ba ta sani ba, nawa sun tsufa, kunya nake ji. Da zan shiga kwalekwale sai na cire su na jera a bakin ruwa, kamar a ƙofar masallaci. Ban san kogin nan yana cikowa da yamma ba. Da muka dawo, wurin duk ya zama ruwa.

Silifas ɗin wata mata na aro. Ina shigowa gida Yaya ta ce, "Auta, kin tuƙa, ko tsoro ya hana ki?" Na ce na tuƙa. Har tafi ta yi mini.

Na kasa gaya mata. Gobe da asuba take fita aiki.