Zanen Yaya a Zauren Injiniyoyi

Yayana,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarfin jiki? Yaya Anti da yara? Allah Ya ƙara sauƙi. Tunda ka daina ɗaga waya don kada in ji yadda harshenka ya yi nauyi, na koma ga takarda.

Daga ɗakin na'urori na ma'aikatar ruwa nake rubuto maka, a kan kujerarka mai karyayyen hannu. Wata tara ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta raba ka da wurin nan, amma har yau ƙanwar Injiniya ake kirana, duk da takardun shaidata. Da hantsi, in aiki ya lafa, gurnanin na'urorin yakan tafi da hankalina. Sai in ga korayen fitilunsu kamar tagogin wani gari mai nisa, bayan kowace taga wani injiniya na zaune shi kaɗai, shayinsa ya huce, yana tunanin abin da nake tunani.

Ashe akwai garin nan, Yaya. Zaure ne a intanet, na masu haɗa manyan na'urori su yi aiki tare, mu wajen dubu uku. Ka kawo matsalarka da safe, wanda rana ke faɗuwa a ƙasarsu ya amsa maka. Akwai wata mai kula da na'urorin jirgin ƙasa, ga barkwanci. Akwai wani dattijo da ake kira Mai Layi Biyu, don amsarsa ba ta wuce haka. Ba a jin muryar kowa, rubutu ne zalla, kuma hannunka na hagu lafiyarsa ƙalau. Ka shigo ko da leƙe ne.

Ƙanwarka,
Auta


Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan ka tashi lafiya. Anti ta ce ka karanta takardata, ka ninke ta, ka ɗora kofi a kai. Ban yi fushi ba, don yau ni ce mai laifi.

Wani a zauren ya kawo kuka: na'urorinsa biyu, babba da ta ko-ta-kwana, in wayar da ke tsakaninsu ta katse sai kowacce ta ɗauka ita ce shugaba, aiki ya dagule. Nan take na tuna baƙin littafinka da ke cikin durowa, inda ka zana yadda ka saka ƙaramar na'ura ta uku ta zama alƙali a tsakani. Na kwafe zanen da hannuna, na saka a zauren, na ce na yayana ne. Ban nemi izininka ba. Ka yafe mini.

Da ka ga abin da ya biyo baya! Kwana huɗu ana ta ɗauki-ba-daɗi a kan zanen. Na zauna ina karantawa, sai na ji kamar kana tsaye gaban allo sanye da shuɗiyar rigarka, mutane sun cika ɗaki har bakin ƙofa, wasu na leƙe ta taga. Mai jirgin ƙasa ta ce akwai wurin da bai yi mata ba, ta yi tambayar da na kasa amsawa. Mai Layi Biyu kuwa ya rubuta layi uku, yana tambayar ina mai zanen yake.

Ban san me zan ce masa ba. In ce kana nan, ka juya wa taga baya? Kai ka koya mini cewa ilimin da ya kwana a durowa gara ce ke gadonsa.

Mai neman afuwarka,
Auta


Yayana,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa Anti sannu da ƙoƙari. Ta faɗa mini komai: yadda ka yi kwana biyu ba ka kula kowa, yadda a rana ta uku bayan azahar ka nuna mata kwamfutarka a saman kabad, ta sauko da ita ta goge ƙura, da yadda ka shafe awa ɗaya kana buga harafi ɗaya-ɗaya da ɗan yatsa, ka hana ta taya ka.

Ina cin abincin rana saƙonka ya faɗo zauren. Babu sallama, babu gabatar da kai. Cewa ka yi zanen naka ne, amma wadda ta kwafa ta juya kibiya ta uku da ke jikin zanen, shi ya sa mai jirgin ƙasa ta ga gurgunta, kuma tun tana firamare yarinyar nan ba ta duba aikinta sau biyu.

Na duba littafin. Gaskiyarka ce, na juya ta.

Yanzu zaure ya samu abin tsokana, har Mai Juya Kibiya suke kirana. Tambayoyi goma sha ɗaya ke jiranka, kar ka yi gaggawa, mutanen nan sun iya jira. Wanda ya kawo kukan ma ya ce na'urorinsa sun daidaita tun da ya gyara kibiyar.

Ka kunyata ni gaban mutum dubu uku, Yaya. Na ajiye cokali na yi ta kuka, har abokin aikina ya tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce masa a'a, yayana ne ya yi mini faɗa.

Taka har kullum,
Auta