Yankan Albashi Ya Kai Ga Kwanon Inna Dije

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali.

Ranka ya daɗe, sunana Sabo Garba, mazaunin Shahuci, duba-gari a ƙarƙashinka. Tun da na kama aiki ban taɓa rubuta ƙorafi ba sai yau, a kan kuɗin da ake cirewa daga albashinmu da sunan gudummawa saboda matsin da ƙasa ke ciki.

Mahaifina ma duba-gari ne. Da kakinsa a goge yake bi lungu-lungu yana leƙa randuna da kwatami, mata na jin sallamarsa su hau shara. Albashinsa ba mai yawa ba ne, amma ran da aka biya kowa a layinmu ya sani: ga buhun dawa a baro, ga ƙunshin tsire a hannunsa. Bayan magariba a fito da akushi zaure, 'yan dako da baƙin ƙauye su sa hannu ba a tambayi sunan kowa ba. Akwai kuma kwano guda da ake miƙa wa Inna Dije ta kan katanga, maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba. Da ciwon ajali ya kama Baba, bai yi mini zancen gida ko gona ba. Cewa ya yi kada kwanon nan ya daina tsallaka katanga.

Akushin zaure tuni na haƙura da shi, tun da mai ya tashi, hatsi ya bi shi. Kwanon dai na riƙe. Sai ga wannan yanka.

A watan jiya garin tuwo ya kasa, matata Hadiza ta fara zuba rabin kwano. Inna Dije idonta ya tafi, amma hannunta na gani. Ta laluba, ta gane. Kashegari ta aiko wai a daina wahala, azumin nafila ta ɗauka, kunu ya ishe ta. Matar da ko na farilla likita ya hana ta! Na shiga na durƙusa gabanta. Ita ce ma ta riƙa ba ni haƙuri. Daga nan na fita na sayar da keken da nake zuwa aiki, na auno dawa. Yanzu da ƙafa nake zagayen unguwanni. Idan dawar nan ta ƙare, ba ni da wani keken.

Ga ƙorafina. Na farko, abin da ake cire wa darakta shi ake cire wa mai shara. Shi darakta ba zai ma lura ba. Mu kuwa cefane ne ya tafi. Ina adalci a nan?

Na biyu, ba wanda ya tara mu ya yi mana bayani. A saƙon banki muka gani. A zamanin su Baba, ko sauyin wurin aiki za a yi wa mutum sai shugabansa ya kira shi ya zaunar da shi.

Na uku, an ce na ɗan lokaci ne, ba a ce zuwa yaushe ba, ba a kuma ce ina kuɗin ke zuwa ba. Mu dai ko maganin feshi babu a sito.

Ba mu ƙi taimakon ƙasa ba. Roƙona a ɗauke wa ƙananan ma'aikata wannan yanka, manya kowa ya bayar daidai ƙarfinsa, a sa ranar dainawa, a kuma faɗa mana abin da aka yi da kuɗin.

Ɗana Mustafa ya gama makarantar koyon aikin tsafta. Kwanan nan ya tambaye ni ko ya nemi aikin gwamnati kamar ni da kakansa. Na ce ya dakata tukuna. Amsar da zan ba shi tana hannunka, ranka ya daɗe.

Allah Ya yi maka jagora, Ya haɗa ka da mashawarta na gari, Ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sabo Garba, Shahuci, Kano.